LAFIYA UWAR JIKI: Sallah Ta Komo Bazara

 

A makon jiya na sami takarda daga wani mai karatu mazaunin Agege, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda ya saba kwasar iyalinsa kowace shekara su tafi gida Babbar Sallah. Ƙorafinsa shi ne, shekara biyu ke nan a jere ba su ƙare shagali ba sai a asibiti. Bara waccan 'ya'yansa uku ne suka kwana suna amai da gudawa, bara kuwa uwargidansa ce ta yanke jiki ta faɗi a kan hanyar komowa daga idi. Ya ce har wasu sun fara raɗa masa cewa lallai da hannu a ciki. To, malam, na karanta takardarka sau biyu, ban ga hannun kowa ba. Abin da na gani rana ce, da nama, da ƙarancin ruwa a jiki. Kuma da yake abin ba gidanka kaɗai ya shafa ba, na ga ya kyautu in ba ka amsa a bainar jama'a.

Mu fara da lissafi. Shekarar Musulunci ta wata ce, kwananta 354 ko 355, watau ta gaza shekarar rana da kwana 10 ko 11. Saboda haka kowace shekara sallah takan ja da baya, sai bayan shekara 33 ko kusa da haka take komowa inda ta faro. A 2023 an yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni. Lissafi ya ajiye ta 2026 a ƙarshen Mayu, ta 2030 wajen tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yola ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Rabon da a yi layya a tsakiyar bazara tun shekarun 1990. Magidancin da yake da shekara 35 a yau yana yaro ƙarami a wancan lokaci, don haka duk ragon da ya taɓa yankawa da kuɗin aljihunsa, ko dai cikin kaka ya yanka shi, ko cikin damina. Bai taɓa koyon yadda ake sallah cikin ƙuna ba, kuma ga shi shi ne mai gida yanzu.

Manya kuwa ba su manta da 1996 ba. A shekarar nan Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da annobar sanƙarau ta ratsa Arewa, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe sama da 11,000, har hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin hajji. Wanda kuma yake ganin wannan tsohon labari ne, sai ya tuna hajjin 2024, sa'ad da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin ƙasar da bakinsu suka ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301. Allah ya jiƙansu. Ban kawo waɗannan don in tsorata kowa ba, sai don a san cewa zafi ba ya duba kalanda ya ce yau ranar farin ciki ce, bari in sassauta.

Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a kan digiri 37. Babbar dabarar da yake da ita ta fitar da zafi ita ce gumi: gumin ya fito, iska ta busar da shi, jiki ya huce. Mutumin da yake kai da kawowa cikin rana yana iya zubar da gumi lita guda cikin sa'a ɗaya. In bai mayar da wannan ruwa ba, ko kuwa tufafinsa suka hana gumin bushewa, sai zafin ya fara taruwa a ciki. Akwai kuma abin da mai takardarmu bai sani ba, watau jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi. Matar da ta shekara a Legas, aka kwaso ta a mota kwana da yini, tana ƙin shan ruwa a hanya don gudun neman wurin fitsari, ta sauka jajibere, ta kwana tana aikin tuwon sallah a bakin murhu, gari ya waye ta sa leshi mai nauyi ta bi rana zuwa idi, ai ba sai an nemi boka ya faɗi abin da ya kayar da ita ba. Wanda yake da hali ya tura iyali tun da sauran mako guda. Wanda ba shi da hali, to, ya sani cewa baƙin da suka zo daga kudu ba su ne za a ɗora wa aikin rana ba, ko da za a ce sun zama 'yan birni.

Batun tufafi ma abin dubawa ne. Na san sallah ba a yin ta da tsumma, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma shadda mai ƙamas wadda aka buga har tana ƙara, a ɗora ta a kan 'yar ciki da kaftani, a kawo rawani, wannan kaya ne na hunturu. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yara. Za ka ga yaro ɗan shekara huɗu an cusa shi cikin kwat da wando na roba-roba, da safa, da takalmi sau ciki, an sake shi yawon sallah da tsakar rana, iyaye suna ta yaba kyan da ya yi, shi kuwa yana dahuwa. Yadin auduga mara nauyi, mai haske, ɗinki sakakke, shi ne na wannan lokaci. Laima da malafa ba su rage wa kowa daraja ba. Masu zuwa kallon hawa, musamman irin hawan da ake yi bayan azahar kamar Hawan Daushe, su tafi da ruwansu, su nemi inuwa tun da wuri, kada su ɗora jariri a baya su kutsa cikin turmutsitsi. Mai mota kuma kada ya kuskura ya kulle yaro a ciki ya ce yanzu zan gaisa in fito, domin mota a rana tanderu ce, kuma mun san gaisuwar sallah ba ta da yanzu.

Alamun da za a lura da su ba boyayyu ba ne. Da farko mutum zai ji ciwon kai, da jiri, da kasala, da tashin zuciya, wani lokaci da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Wannan a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa. Amma in aka ga jikinsa ya ɗau zafi rau, ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko ya suma, to, magana ta wuce ta gida. A kwara masa ruwa a jiki duka, a yi ta yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan take, kuma a ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, yana iya sarƙewa ya wuce cikin huhu. Kada kuma a tsaya jayayyar ko iska ce ta taɓa shi. A yi addu'ar a cikin mota.

Ma'aunin ruwa kowa yana yawo da nasa. In fitsarinka fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, kana lafiya. In ya yi ja kamar shayi, kuma ɗan kaɗan, jikinka yana bin ka bashi. Tsofaffi su ne abin ji, domin ƙishirwa ba ta cika kama su da wuri ba, sai a riƙa miƙa musu ba sai sun tambaya ba, balle waɗanda suke shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa ba a ba shi ruwa, nonon uwa ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, ita kuma uwar ta yawaita sha.

Sai dai mutanenmu sun ɗauka cewa duk abin da yake da sanyi ruwa ne. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali takwas ko tara. Wanda ya shiga gida biyar gaisuwa, kowane gida aka dire masa kwalba, ya ji kunyar ƙi, sai ya yi lissafin abin da ya zuba wa cikinsa kafin la'asar. In mai ciwon sukari ne, lissafin ya fi haka muni. Ni a gidana na koma wa randa. Baƙo ya zo, ruwan randa ne farko, sa'an nan zoɓo ko kunun aya wanda aka yi da tafasasshen ruwa, sukari kaɗan. Wasu sun ce rowa ce, na ce na ji. Kunun aya dai a sha shi a ranar, ba ya kwana cikin zafi. Ƙanƙarar da ake saye a bakin titi kuma a tuna cewa daskarewa ba ta kashe ƙwayar cuta. In ruwan da aka yi ta da shi na kwata ne, to, kwata ce ta daskare.

Yanzu sai mu zo kan nama, wanda shi ne ya kwantar da 'ya'yan mai takardarmu.

Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma zafin bazara ya faɗo a tsakiyar abin da suke so. A irin wannan yanayi adadinsu yana iya ninkawa cikin minti 20. Shi ya sa masana suka ce dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. To, dubi yadda muke yi. A yanka rago da hantsi, a jira mahauci har azahar domin yana gida na bakwai, a feɗe, a tara naman da ɗuminsa cikin baho ko cikin leda, a rufe, ƙuda na bi, a ce sai gobe a raba. Cikin hunturu ana yin haka a kwana lafiya. Cikin bazara kuwa kafin gari ya waye tsakiyar tarin nan ya soma canza wari, sai uwargida ta ce ba kome, yaji zai gyara.

Iyayenmu da suka yi zamani ba firiji sun fi mu sanin wannan. Da an feɗe, kayan ciki ake fara wankewa a soye a ranar, domin su ne masu saurin lalacewa. Gangar jikin kuwa a banƙare ta a kan itace, a jera kewaye da wuta, iska na ratsa ta, zafi na tsotse ruwanta. Washegari a yanyanka, a fitar da rabon dangi da maƙwabta da mabukata, abin da ya rage a tafasa shi da gishiri, a soya shi cikin kitsensa har sai ya bushe ƙarau, ya huce, kana a zuba a tukunya busasshiya. Da irin wannan aiki ne ake ajiye wutsiyar rago har daren cika-ciki, wata guda cur bayan layya. Sirrin abin shi ne raba nama da ruwa. Soyen da aka yi shi sama-sama, waje ya yi ja ciki da danshi, aka rufe shi da zafinsa gumi ya sauka a kai, wannan kwana uku ya yi yawa. Har wa yau, ita kanta rabawar kariya ce. Naman da ka bayar ran sallah an cinye shi da kyansa, ka sami lada. Wanda ka ɓoye shi ne yake juyowa ya cije ka.

Ni kaina na taɓa shiga wannan. Wata shekara na sayi babban firiji na daskarewa ana gobe sallah, ina ta taƙama, na hana a soya kome sai kaɗan. Aka cusa rago guda da ɗuminsa, aka rufe. Daren nan aka ɗauke wuta, ba ta komo ba sai bayan kwana biyu, ta yi sa'a uku ta sake tafiya. Da muka buɗe, saman ya yi sanyi, ƙasan kuwa ba ya faɗuwa a jarida. Tsohuwata, Allah ya jiƙanta, ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, ashe ba a koya muku cewa akwati ba ya hura kansa ba?" Tun daga ranar na san cewa firiji bawan lantarki ne. Ƙaramin firiji in wuta ta ɗauke, wajen sa'a huɗu yake riƙe sanyi, shi ma in ba a buɗe shi. Wanda zai dogara da shi ya bar nama ya sha iska tukuna, ya ƙulla shi ƙanana-ƙanana yadda sanyi zai ratsa, kuma ya zama yana da mai da itace a gefe saboda ko-ta-kwana. Naman da ya narke ya ɗumama, kada a sake daskarar da shi a ce an tsira.

'Yan'uwanmu na Legas da Ibadan da Fatakwal da Onica su ƙara lura. Iskar can jiƙaƙƙiya ce, ba ta busar da kome. Dabarar shanya nama a igiya, ko yin kilishi, wadda take ci a Gusau cikin Afrilu, a Agege fumfuna za ta haifar. Can sai wuta da mai. Kuma don Allah a daina babbaka kai da ƙafa da tsohuwar taya. Hayaƙin nan guba ne, yana kama fata, mu kuma mu ci ganda muna santi. Dabbar da aka ga ba ta da lafiya, ko ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci, ba ta layya ba ce, ba ta tukunya ba ce, kada ma a feɗe ta, a kira likitan dabbobi. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona a Suleja, kuma cuta ce da take kama mutum ta hanyar taɓa irin wannan dabba ko cin namanta.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa ɗumame yana gyara kome. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma wasunsu kafin su mutu sun riga sun zuba dafinsu a cikin abincin, dafin kuwa wuta ba ta karya shi. Shinkafar da ta yini a kwano ta kwana tana cikin masu yin haka. Tuwon sallah da miyar da ake aikawa gida-gida, su taru kwano goma a tsakar ɗaki, a ci wanda za a ci da wuri, sauran a bayar tun da rana.

In kuwa an yi rashin sa'a gudawa ta kama yaro, abin da yake kisa shi ne ƙarewar ruwa a jiki. Waɗanda suka yi wayo a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, sun tuna yadda aka yi ta shelar ruwan gishiri da sukari a rediyo. Maganin nan bai tsufa ba. Wanda ake sayarwa a ƙunshi a kantin magani ya fi, a saya a ajiye tun kafin sallah. In babu, a sami tsabtataccen ruwa lita ɗaya, watau ledar ruwa biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Kada gishirin ya wuce haka. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko yaron ya ƙi sha, idonsa ya faɗa, sai asibiti ko da tsakar dare ne, domin farkon damina lokacin kwalara ne.

Ban ce kada a ci nama ba. Wanda ya faɗi haka ranar sallah ba zai sami mai saurarensa ba. Amma nama da safe, nama da rana, nama da dare har mako guda, ba ganye ba ɗan itace, shi ne yake kawo cushewar ciki da basir ya tashi. Ga zogale, ga kankana, ga gurji, ga mangwaro yana kakarsa. Mai hawan jini ya tuna cewa gishirin da aka yarje wa babba bai kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba a yini, alhali soyen sallah da yajinsa da dunƙulensa gishiri ne tsagwaronsa. Kada kuma ya ajiye maganinsa ya ce sai bayan sallah.

Sauran magana ita ce motsa jiki, domin na ga zafi ya zama hujjar kwanciya. Ma'aikaci ya sami hutun kwana biyu, sai ya shimfiɗa tabarma, kwanon nama a dama, waya a hagu, ba ya tashi sai salla. Abin da masana suka nema bai taka kara ya karya ba: tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 a yini, kwana biyar a mako, yara kuwa sa'a guda ta guje-guje kullum. Sallah da kanta ta zo da wannan. An so a tafi idi a ƙasa, a komo ta wata hanya dabam. Ziyarar dangin da ke cikin unguwa ba ta bukatar babur. Abin da za a canza lokaci ne kawai: a fita bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya, a bar tsakar rana ga inuwa da ƙailula, yadda manoma suke yi tun kaka da kakanni. Yara a bar su su yi langa da ƙwallo da gaɗa da yamma, da butar ruwa kusa. Samarin da suke shirya gasar ƙwallon sallah su daina sa wasa ƙarfe biyu na rana.

Da dare kuma, gidan da ya cika da baƙi kada a cusa mutum goma a ɗaki guda a rufe taga, domin cunkoso da rashin iska su ne abokan sanƙarau. A shimfiɗa a tsakar gida, a ɗaura gidan sauro. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida. Allurar riga-kafi tana nan, har ma a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare iri biyar na ƙwayar cutar; in masu allura sun zo unguwa a fito da yara. Janareto kuwa a ajiye shi waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, wadda take kashe mutane cikin barci, gida guda.

Malam na Agege, ka ce bana ma kuna nan tafe. Ka sayi ƙunshin gishiri da sukari guda goma ka jefa a jaka, ka ce wa direba ya riƙa tsayawa mata su sauka, kuma in kun isa ka nemi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan ka damƙa mata ragamar naman. Ka rubuto mana bayan sallah mu ji yadda aka ƙare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba takardun da suka taru a kan ƙurajen zafi na jarirai.